Tsohuwar kwamfutar da aka kusa sayar wa 'yan gwangwan (zare) 🧵

1/ Zaren nan mai tsawo ne, ku gyara zama. Hutun da ya wuce na tayar da wata tsohuwar kwamfutar tebur a garinmu Lafagu, saura ƙiris a ɗora ta kan sikelin 'yan gwangwan. Yau yara bakwai ke bin layi a kanta. Ra'ayina: mu 'yan jami'a muna raina abin da ya fi amfanar ƙannenmu.

2/ Ga mafarin maganar. Ƙanwata ta je Birnin Kebbi rubuta JAMB. Yarinya mai ƙoƙari, ta sha karatu da tocila. Ranar jarrabawa ce ranar farko da ta taɓa zama gaban kwamfuta. Ta dawo ta ce min: "Yaya, wallahi na san amsoshin, hannuna ne ya ƙi daina rawa." Makinta bai kai ba.

3/ Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya. Tambaya 180 cikin awa 2. An ma sauƙaƙa, maɓallai kaɗan kawai sun isa ka gama jarrabawar ko ba linzami. Amma wanda bai taɓa ganin kibod ba, minti goman farko tsoro ke cinye su. Ɗan birni ba ya biyan wannan harajin, ɗan ƙauye ke biya.

4/ Za ku ce ai akwai waya. Haka ne, akwai manhajojin gwaji a waya, kuma suna taimakawa. Sai dai dangwala gilashi da babban yatsa daban, zama kan kujera gaban monita da kibod daban. Wanda ya koyi iyo a randa, ranar da aka jefa shi Kwara zai gane bambancin.

5/ Sai na tuna akwai wata kwamfuta a ɗakin ajiyar kawuna, ragowar wani shagon buga takardu da ya rufe a Bagudo. Ƙura ta rufe ta, har zanzaro ya yi gini a ciki. Da na ce zan gyara, ya kalle ni ya ce: "Mi za ka yi da wanga tarkace? Kai ta ga 'yan gwangwan ka sha shayi."

6/ Na buɗe ta. Gidan lafiya lau, fawa-fak na aiki, amma madabod ya mutu. Madabod shi ne babban allon da komai ke hawa kansa, masu gyaran waya kan ce masa fanel. Alamar mutuwarsa a fili take: ƙananan gwangwanayen nan da ake kira kafasito sun kumbura, wasu har sun yi aman tsatsa.

7/ Abin da ke burge ni da kwamfutar tebur ke nan. Ɓangare ɗaya ya mutu, ka cire shi ka sa wani, kamar babur. Wani abokina ya samo min tsohon madabod tokumbo a Kano, samfurin H61, da furosesa Core i3 na 2011 a jikinsa. Kuɗinsa bai kai na ƙaramar wayar da ke aljihunka ba.

8/ Kafin ka biya kuɗi, duba abu uku. Na ɗaya, soket. Core 2 Duo na zamanin 2006 yana hawa LGA775. Core i3, i5 da i7 na ƙarni na biyu da na uku suna hawa LGA1155. Ba sa shiga gurbin juna. Ka leƙa siraran alluran cikin soket ɗin LGA, in ɗaya ta lanƙwashe, ajiye masa kayansa.

9/ Na biyu, ram. DDR2 da DDR3 tsawonsu ɗaya, kowanne haƙori 240, amma tsagar da ke tsakiyarsu ba wuri ɗaya take ba. In ya ƙi shiga, kar ka danna da ƙarfin tuwo, ba nasa ba ne. H61 DDR3 yake ci. Ni 4GB biyu na sa, ya zama 8GB, ya wadatar.

10/ Na uku, kan waya. Wasu kwamfutocin ofis na Dell da HP suna da nasu kan waya na musamman, mai rami 8 ko 6, maimakon mai rami 24 da kowa ya sani. Ka sayi madabod ɗinsu ka kawo wa gidan gama-gari, ka sayi rigima. Ɗauki hoton fawa-fak ɗinka ka tura wa mai kaya tukuna.

11/ Yanzu gargaɗin da ya fi kowanne, don Allah ku karanta sau biyu. Wasu tsofaffin fawa-fak suna da ɗan jan maɓalli a baya: 115 ko 230. Kayan da suka fito daga Amurka galibi kan 115 suke. Wutarmu 230 ce. Ka jona a haka, "fau!" ɗaya za ka ji, sai hayaƙi. Duba kafin ka jona.

12/ Kuma kar ka kuskura ka buɗe cikin fawa-fak ɗin kansa. Yana riƙe wuta ko bayan an zare shi. In ya mutu, canza shi ake yi. Sauran aikin kuwa ba abin tsoro: zare waya daga bango, ka taɓa ƙarfen gidan da hannu don sauke lantarkin jikinka. Lokacin hunturu ya fi yawa, kuma yana kashe ram.

13/ Hawa madabod. Farko ka sa faifan ƙarfen baya inda ramukan USB ke leƙowa. Sannan ka tabbatar ƙananan dogaran tagulla suna daidai da ramukan kusa na allon. Su ke ɗaga shi kada bayansa ya taɓa ƙarfe. Dogari ɗaya a wurin da ba rami zai iya haɗa wuta ya ƙone komai.

14/ Furosesa yana da ɗan alamar kusurwa uku a gefe ɗaya, ka daidaita ta da ta soket, ya kwanta da kansa ba dannawa. Goge tsohon man sanyaya da ya bushe, ka ɗiga sabo kamar ƙwayar wake ɗaya a tsakiya, ka ɗora fanka. Kar ka manta ka jona wayar fankar inda aka rubuta CPU_FAN.

15/ A nan na sha kunya. Na haɗa komai, yara sun cika ɗaki, Kawu na tsaye bakin ƙofa. Na danna. Fanka ta juya, monita baƙi ƙirin. Na cire ram na mayar, shiru. Kawu ya ce: "To injiniya, Allah shi ba da sa'a," ya tafi masallaci yana murmushi. Gumi ya jiƙe min riga.

16/ Bayan sallar isha'i na sake zama da tocila. Ashe wayar wuta biyu ce ke shiga madabod: babba mai rami 24, da ƙarama mai rami 4 kusa da furosesa. Ƙaramar na manta. Ina sa ta na danna, sai ƙara ɗaya "tit", rubutu ya fito. Na yi ihu har Inna ta leƙo ko gobara ce. 😂

17/ Wani wuri mai ba da ciwon kai: siraran wayoyin gaban gida, na maɓallin kunnawa da fitilu. An rubuta sunayensu a jikin allon da ƙananan haruffa. Ɗauki hoto da waya ka ƙara girmansa. Na kunnawa ko ta yaya ka juya shi zai yi, na fitila ne ke da daidai da baibai.

18/ Sai saiti. Da ta tashi ka riƙa danna Del ko F2 ka shiga BIOS. Tawa ta nuna kwanan wata na shekarun baya, duk na gyara sai ya koma. Laifin wani ɗan batir ne mai kama da kwabo, CR2032. In kwanan wata ya kauce, shafukan intanet ƙin buɗewa suke. Kuɗin batir ɗin bai kai na kwanon shinkafa ba.

19/ Nawa ne a cikinmu suka jefar da kwamfuta saboda wannan batir ɗin? Mutum ya ce "ta lalace", alhali abin da ya mutu bai fi kwabo girma ba. Rashin sani ya fi dare duhu. Mai sayen gwangwan kuwa ba ruwansa, kilo yake aunawa.

20/ Sauran saiti biyu a BIOS. Sa SATA a kan AHCI kafin ka ɗora manhaja, don in ka canza daga baya Windows na iya ƙin tashi. Sannan ka sa filashi a gaba wajen jerin tashi. In kana da ɗan hali, sa SSD ko da 128GB ne. Wallahi shi ke mayar da tsohuwa yarinya.

21/ Wace manhaja? Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11 kuma na neman TPM 2.0 da furosesan Intel na ƙarni na takwas zuwa sama. Ma'ana, a hukumance ba a son tsohuwata. Sai na sa mata Linux Mint, kyauta ne, mara nauyi, kuma ana sabunta shi.

22/ Ku lura da abin da wannan ke nufi. Ofisoshin Turai da Amurka za su riƙa sauke kwamfutoci masu rai saboda ba sa ɗaukar Windows 11. Da yawa nan za su biyo, ta Legas ko ta Kwatano. Wanda ya iya tantancewa zai tsinci dami a kala. Wanda bai iya ba, a sayar masa da gawa.

23/ Mu 'yan bakin iyaka akwai namu na musamman. Kayan da suka biyo ta Benin, ta wajen Segbana da Tsamiya, sau da yawa kibod ɗinsu na Faransa ne, AZERTY. Harafin A yana inda Q yake a namu. Yaron da zai danna A, B, C, D a JAMB, kar ka horar da hannunsa a kan wannan. Nemi QWERTY.

24/ Bari in faɗi gaskiyar masu suka, don suna da hujja. Wuta. Kwamfutar tebur ta fi laftof cin wuta nesa ba kusa ba, kuma ba ta da batir, ana ɗaukewa ta mutu nan take. A wurin da wuta ke zuwa kamar baƙo, wannan babbar matsala ce. Mai kuɗin laftof mai kyau, ya saya, ban hana ba.

25/ Mu ga yadda muka yi. Mun kai ta shagon wani mai cajin waya da ke da sola da inbata. Awa biyu bayan la'asar, iyayen yara na haɗa masa ɗan abin da ya samu. Monita mai faifai muka sa, ba mai ƙeya ba, don mai ƙeya cin wuta gare shi. In janareta za ka yi amfani da shi, sa sitabilaiza.

26/ Ta kuma fi laftof a wuri biyu. Yaro ya zuba wa kibod kunu, kibod kawai za ka canza. Sannan ba mai saka ta a jaka ya ce "aro na yi" ya wuce Kamba da ita. Kayan jama'a gara ya zama mai nauyi. 😅 Ƙura kuwa buroshin fenti ya ishe ta, wata-wata, musamman da hunturu.

27/ Suka ta biyu: "kana mayar da ƙasarmu bolar Turawa." Wannan ma akwai gaskiya. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 duniya ta tara sharar lantarki tan miliyan 62, kuma kashi 22.3 cikin 100 kawai aka tattara aka sarrafa ta hanyar da ta dace. Ƙona wayoyi don cire tagulla guba ne ga huhu.

28/ Amsata: shi ya sa gwaji kafin saye ya zama dole. Abin da ke aiki, kowace shekarar da ya ƙara yana aiki shekara ce da bai shiga wuta ba. Abin da ya mutu murus kuwa kar mu saya, kar mu ƙarfafa masu shigo da shi. Ka ce a kunna maka a gabanka, ka ga BIOS da idonka.

29/ Intanet fa? Ba dole ba ne. Na sa mata Kiwix, mai buɗe Wikipedia ba tare da data ba, har da ta Hausa. Na sa manhajar koyon bugu, na tara tsofaffin tambayoyi. Na ƙara kibod na Hausa, yanzu yara na rubuta ɓ, ɗ, ƙ daidai. Wata yarinya 'yar aji biyar ta fi ni saurin bugu, ba wasa.

30/ Abin da ke min ciwo shi ne mu. Muna karanta kimiyyar kwamfuta, mun haddace ma'anar CPU don jarrabawa, amma a miƙa wa mutum sukuddireba sai ya ja baya. Na san wata makaranta da ke da kwamfutoci a ɗaki a kulle, shekaru, ana jiran "injiniya daga birni". Mai yiwuwa rabinsu batir ne kawai da ƙura.

31/ Don haka ga roƙona, musamman 'yan Bagudo, Kamba, Illo, Ka'oje, Yawuri da duk masu komawa ƙauye hutu. Nemi kwamfuta ɗaya da aka yanke wa ƙauna. Nemi izinin mai ita. Buɗe, share, canza batir, cire ram ka mayar. In ta ƙi, ka koyi wani abu. In ta tashi, ka tara yaran unguwa.

32/ Ƙanwata za ta sake zama bana. Jiya ta turo min saƙo ta ce ta gama tambaya 180 saura minti 20, hannunta bai yi rawa ba. Ku sa ta a addu'a. Kawu kuma yanzu shi ke korar yara in lokacinsu ya cika, yana cewa "injinmu".

33/ Mai tsohon madabod, ram ko kibod da ke kwance a gida, kar ka ba 'yan gwangwan, yi min magana ta akwatin saƙo. Wanda tasa ta ƙi tashi, turo hoton cikinta a ƙarƙashin zaren nan mu duba tare. A taimaka a yaɗa. Allah Ya sa mu amfani na bayanmu, amin. 🙏🏾