Mai Riƙe Igiya Ba Ya Fitowa a Hoto

Duk shekara, da zarar watan Yuni ya kama, labarai iri biyu kan fara shigowa teburinmu na tace labarai daga tsaunukan Turai. Na farko hoto ne: wani ko wata a ƙololuwar dutse, hannu a sama, gajimare a ƙarƙashin ƙafa. Na biyu layi uku ne babu hoto: wani ya faɗo, jirgi mai saukar ungulu ya ɗauko gawarsa. Abokan aiki kan yi tsaki su ce ƙoshi ne ke damun Turawa, in ba haka ba me ya kai mai hankali rataye kansa a jikin dutse? Na daɗe ina cikin masu faɗin haka. Ra'ayina ya sauya ne bayan na bi diddigin yadda masu wannan doguwar tafiya suke rayuwa, na kuma gano yawan mutanen da ke tsaye a bayan kowane hoto ba tare da an gan su ba.

Akwai matafiyan da kan ajiye aiki, ko su ɗauki hutun wata shida zuwa shekara ba albashi, su sayi tsohuwar ƙaramar bas, su cire kujerunta su sa gado da risho, sa'annan su bi yanayi kamar yadda makiyayi ke bin ruwa da ciyawa. Da hunturu suna Sifaniya, a duwatsun Siurana da Margalef na yankin Kataloniya, ko El Chorro da ke kudu, inda rana ke ɗumama dutse. Wajen Maris da Afrilu sai dajin Fontainebleau da ke kudu da birnin Paris, inda ake hawan gajerun duwatsu ba igiya, sai katifa a ƙasa. Daga Yuni zuwa Agusta su haura tsaunukan Alps, garin Chamonix na Faransa ko duwatsun Dolomite na arewacin Italiya. A Oktoba su gangara tsibirin Kalymnos na ƙasar Girka, wanda dā mutanensa suka dogara ga nitso a teku don ciro soso, yanzu kuwa baƙi masu hawan dutse na cikin masu cika masaukansa.

Wanda bai taɓa ganin yadda ake hawan ba zai ɗauka aikin mutum ɗaya ne. Na mutum biyu ne. Ɗaya yana hawa da igiya ɗaure a ɗamarar da ke ƙugunsa, yana maƙala ta a ƙusoshin ƙarfe da aka kafa a jikin dutsen, taku kaɗan tsakanin wannan da wancan. Ɗayan yana ƙasa, igiyar tana bi ta cikin wani ɗan ƙarfe da ke jikinsa, yana sakin ta kaɗan-kaɗan. Idan na sama ya suɓuce, na ƙasa ne zai danne igiyar a cikin ƙiftawar ido. Kafin a bar ƙasa, kowa sai ya duba ƙullin ɗan'uwansa, komai gwanintarsa, komai daɗewarsu tare. In an gama sai a yi musanye. Ke nan wanda ya shekara yana hawan dutse, ya kashe kusan rabin lokacin a tsaye, wuya a ɗage, yana gadin ran wani.

Bayan wannan mai riƙe igiya akwai wasu da yawa. Ƙusoshin da ake maƙala igiya, mutum ne ya rataya ya huda dutse ya kafa su, kuma dole wani ya dawo ya sauya su in sun tsufa, musamman a bakin teku inda gishiri ke cin ƙarfe. Yawancin masu wannan aiki 'yan sa-kai ne. Masaukan da ke can saman tsauni, inda matafiyi ke samun miya mai zafi da bargo, ƙungiyoyi ne suka gina su suke kula da su. An kafa ƙungiyar masu hawan tsauni ta Landan a 1857, ta Ostiriya a 1862, ta Suwizalan da ta Italiya a 1863, ta Jamus a 1869. Ta Jamus kaɗai tana da mambobi sama da miliyan ɗaya da masaukai fiye da 300. 'Yan jagorar Chamonix kuwa tun 1821 suke da ƙungiyarsu. Lokacin da hukumar UNESCO ta sa hawan tsaunukan Alps cikin al'adun gado na duniya a 2019, wajibcin taimakon juna tsakanin masu hawa na cikin abubuwan da ta ambata.

Da rayuka aka sayi wannan tsari. Ranar 14 ga Yuli, 1865, Edward Whymper da mutum shida suka zama na farko da suka taka ƙololuwar Matterhorn, suna rige-rige da wata tawaga da ta taso daga ɓangaren Italiya. Wajen saukowa, wanda ya fi ƙarancin gogewa a cikinsu ya zame ya ja wasu, igiya ta tsinke, mutum huɗu suka hallaka. Da aka duba, igiyar da ta tsinke ita ce mafi rauni cikin waɗanda suka zo da su. Shekara 91 bayan haka, a Disamban 1956, wasu samari biyu, Jean Vincendon da François Henry, suka maƙale a tsaunin Mont Blanc. Ana hango su da madubin hangen nesa daga cikin gari, amma aka ɓata kwanaki ana gardamar wa ke da alhakin ceto su. Jirgin da aka aika ya faɗi kusa da su, aka kwashe matuƙan, su kuwa sanyi ya kashe su bayan kusan kwana goma. Kunyar abin ta sa a 1958 gwamnatin Faransa ta ɗauki nauyin ceto a tsauni, aka kafa rundunar jandarmomi ta musamman a Chamonix, wadda har gobe take aiki. Duk ma'aikacin da ya taɓa ganin takarda tana yawo tsakanin ofisoshi uku, kowa na cewa ba hurumina ba ne, ya san irin cutar da ta kashe samarin nan.

Abu na biyu da mai doguwar tafiya ya mallaka shi ne lokaci, kuma lokaci a tsauni garkuwa ne. Mont Blanc ya haura mita 4,800. Jiki na bukatar kwanaki kafin ya saba da ƙarancin iska a irin wannan tsayi. Wanda ke da wata uku, in hadari ya taso sai ya zauna a motarsa ya yi mako yana jira, in ya kusa kaiwa ya ga dutse na zubowa sai ya juyo, domin gobe ma rana ce. Wanda ya zo da kwana uku da tikitin komawa a aljihu, shi ne kan matsa wa kansa da ɗan jagorarsa. Ɗumamar yanayi ta ƙara wa wannan magana nauyi. Ƙanƙarar da ke daskare a cikin tsagogin dutse, wadda take riƙe shi kamar siminti, tana narkewa. A 2005 wani katafaren sashe na dutsen Petit Dru ya rufto, ya tafi da sanannen hanyar da Walter Bonatti ya hau shi kaɗai a 1955. Ranar 3 ga Yuli, 2022, tulin ƙanƙarar Marmolada a Italiya ya ɓalle ya kashe mutum 11. Littafin jagora da aka buga shekara ashirin baya ba ya isa yanzu; sai an tambayi mai kula da masauki abin da ya gani jiya.

Nan ne gardamar kuɗi ta shigo. A bazarar 2022, magajin garin Saint-Gervais, Jean-Marc Peillex, wanda hanyar da aka fi bi zuwa Mont Blanc ta ratsa yankinsa, ya ce duk mai son hawa ya ajiye Yuro 15,000: dubu goma kuɗin ceto, dubu biyar kuɗin jana'iza. Fushinsa na da dalili, domin ya gaji da masu zuwa ba shiri ba kayan aiki, suna jefa masu ceto cikin haɗari. Amma ban goyi bayansa ba. Mutumin da ya san takardar biya na jiransa zai jinkirta kiran agaji, ya yi ta lallaɓawa da karyayyar ƙafa har duhu ya yi, sa'annan masu ceto su fita cikin dare maimakon da rana. Akwai hanyoyin da suka fi. Tun 2019 ba a barin mutum ya bi waccan hanya sai yana da gurbin kwana a masauki, kuma a Agustan 2022 an rufe masaukan na ɗan lokaci da duwatsu suka yi ta zubowa. A Suwizalan, inda ake biyan kuɗin ceto, jama'a na ba ƙungiyar Rega ɗan gudummawar shekara-shekara; a Jamus, zama mamban ƙungiya na tafe da inshora. A hana mara shiri tun daga ƙasa, a sa mai hawa ya yi tanadi, amma in mutum ya riga ya faɗi, a ɗauko shi tukuna.

Akwai suka guda da ba zan kauce mata ba: wannan rayuwa gata ce. Ɗan Jamus ko ɗan Faransa na iya shekara yana yawo tsakanin waɗannan ƙasashe ba mai tambayarsa. Wanda ya shiga da bizar Schengen ta gajeren zama, kwana 90 kawai yake da su cikin kowane kwana 180, bayan ya nuna inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. Mafi ɗaci kuma, tsaunukan da wasu ke hawa don nishaɗi, wasu ƙetare su suke yi don neman rayuwa. A kusa da garin Briançon, baƙin haure, da yawansu daga Afirka ta Yamma, kan tsallako daga Italiya zuwa Faransa cikin dare da dusar ƙanƙara, sanye da takalman da ba su dace ba. A Mayun 2018 an tsinci gawar wata matashiya 'yar Najeriya a kogin Durance da ke yankin. Su wa ke fita da dare da shayi da barguna suna neman waɗanda suka ɓata? Mutanen tsaunin ne, har da 'yan jagora, kuma an gurfanar da wasunsu a kotu saboda haka. Hujjarsu ita ce dokar da suka gada: wanda ke cikin haɗari a tsauni, ba a tambayarsa takarda kafin a miƙa masa hannu. A Yulin 2018 majalisar tsarin mulkin Faransa ta amince cewa 'yan'uwantaka ginshiƙi ce a tsarin mulkin ƙasar, wanda ke kare mai taimakon baƙo don jinƙai. A wurina, a nan ake gane ko al'adar riƙe igiya gaskiya ce ko kwalliya.

Masu karanta wannan shafi, yawancinku aikinku ke nan. Wani ne ke karanta jawabi a gaban kyamara, ku ne kuka kwana kuna gyara alƙalumansa. Ba yabo nake yi ba, tunatarwa ce: mai riƙe igiya da ya ɗauke ido na daƙiƙa biyu don duba waya, ba shi zai faɗo ba, wani ne.

Idan aiki ya kai ɗayanku taro a Geneva, Chamonix tafiyar kusan awa ɗaya da rabi ce a mota. A tsakiyar garin akwai mutum-mutumin da aka kafa a 1887, na Jacques Balmat yana nuna wa attajirin masani Horace-Bénédict de Saussure ƙololuwar Mont Blanc. Saussure ne ya sa ladan hawan, amma sai a 1787 ya hau, da 'yan jagora 18. Wanda ya fara kaiwa can tare da Balmat ranar 8 ga Agusta, 1786, likitan garin ne, Michel-Gabriel Paccard, kuma ba a sa shi a mutum-mutumin ba. Nasa yana can gefe, yana zaune yana kallon tsaunin. A 1986 aka kafa shi, bayan shekara 200. Ku ƙarasa ku gan shi.