Kafin a Kulle Ɗakin Kwamfuta

Tun farkon zangon nan ake kukan cewa kwamfutocin makarantarmu sun koma tafiyar hawainiya. Har mun ji ana shawarar a cire Linux, ko a kulle ɗakin sai an sayo sababbi. Mu dai ba mu goyi bayan haka ba, domin a nan 'yan aji shida ke atisayen JAMB, kuma jarrabawar ba za ta jira kuɗin sayayya ba.

Linux yana ƙara wa ƙwaƙwalwar kwamfuta sauri idan aiki ya taso, ya rage idan babu, don tattalin batir da rage zafi. Da izinin Malam muka rubuta umarnin cpupower frequency-info a kwamfutoci uku. Ta farko tana iya gudun megahaz 2,400, amma muka tarar da ita a 800, an bar ta a tsarin powersave, wanda a tsofaffin na'urori irin namu yake daskarar da ita a gudu mafi ƙanƙanta. Muna mayar da ita ondemand sai ta farfaɗo. Sai dai gyaran yana gogewa idan an kashe ta, dole Malam ya sa shi ya zauna dindindin.

Ta biyu ƙurar hunturu ce ta toshe fankarta, da ta ɗau zafi sai ta rage gudu da kanta. Ta uku muna zargin cajar kasuwa da aka haɗa mata.

Muna roƙon Shugaban Makaranta ya ba mu Asabar ɗaya da buroshi mu duba sauran.