Wutar da ke ci a ofishin da ba kowa

Wata Juma'a cikin watan Afrilu na kai wa 'yar yayata saƙo a jami'ar da take karatu, a nan Arewa. Da aka sauko daga masallaci sai na bi ta bayan wani dogon ginin ofisoshi don in yanke hanya. Ƙofofi duk a kulle, babu motar kowa, amma na'urorin sanyaya ɗaki da ke maƙale a bango suna ta gurnani, ruwa na ɗiga daga bututunsu har ya kwanta a ƙasa, kanari na sauka suna sha. Na ƙirga guda bakwai. Fitilun baranda ma a kunne, da rana tsaka.

Na tarar da wani dattijo mai gadi a gindin darbejiya, muka gaisa. Na ce, "Baba, da mutane a ciki ne?" Ya ce, "Ina! Sun tashi tun kafin azahar, sai Litinin kuma in Allah ya kai mu." Na ce to wa zai kashe waɗannan? Ya ce, "Malam, makullai na hannunsu. Sa'ad da suka fita babu wuta, shi ya sa ba wanda ya tuna. Da aka kawo, sai komai ya tashi."

A yammacin ranar yarinyar take gaya mini cewa a ɗakin kwanansu ba a ba su wuta sai 'yan awoyi da dare. Da fitilar waya take karatu, kuma a makon da ya gabata an bi ɗaki-ɗaki an ƙwace hita, wai ɗalibai ne ke cinye wutar makaranta. Tun ranar abin yake ci mini rai.

Bari mu yi lissafin da kowane ɗan aji ɗaya a sashen lantarki zai iya yi. Na'urar sanyaya ɗaki ta ofis, wato esi, tana shan kusan yunit ɗaya a kowace awa. Daga ƙarfe ɗaya na ranar Juma'a zuwa takwas na safiyar Litinin awa 67 ne. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga kuɗin wuta na masu rukunin Band A zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan sassauta, amma bai sauko ƙasa da 200 ba. Ke nan idan wuta ta tsaya, esi ɗaya tak da aka manta zai cinye sama da naira 13,000 kafin mai ofis ya dawo. Idan kuwa janareto ne ya ɗauki nauyin, aikin zai lashe kusan lita 20 na man gas, kuma kowace lita tana sakin kimanin kilo 2.7 na iskar kabon. Hayaƙi mai nauyin buhun siminti ke nan ya hau sama domin a sanyaya kujera da tebur. A ninka wannan da yawan ofisoshin jami'a guda, da makonnin shekara. Hitar ɗaliba, da take kunnawa minti goma ta dafa ruwan shayi, ina za ta kama ƙafar wannan?

Kada wani ya ce ai wutar layi ba ta da hayaƙi. Mafi yawan lantarkin Najeriya daga ƙona iskar gas yake fitowa, madatsun ruwa irin su Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru kaso kaɗan suke bayarwa. Hayaƙin yana nan, sai dai a wani gari yake tashi.

Tsadar nan ta riga ta taɓa karatu. A watan Yulin 2024 ɗaliban Jami'ar Benin sun tare babbar hanya saboda zaman duhu, har hukumar jami'ar ta dakatar da karatu. A watan Oktoba na shekarar kuma yawancin jihohin Arewa suka kwashe fiye da mako babu wuta bayan lalacewar manyan layuka, ciki har da na Shiroro zuwa Kaduna. Duk wanda ke da gwaji a firjin ɗakin bincike a wannan mako ya san abin da ya gani.

Idan aka tayar da zancen, amsar da ake bayarwa ɗaya ce: a kafa sola. Ina goyon bayan haka ɗari bisa ɗari. Na yi murna a watan Satumban 2019 da Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya buɗe tashar Jami'ar Bayero ta Kano, mai ƙarfin megawat 7.1, da faranti sama da dubu goma, da batura, da janareto na ko-ta-kwana. Hukumar samar da lantarki a karkara, REA, ce ta yi aikin a cikin shirinta na bai wa jami'o'in tarayya 37 da asibitocin koyarwa 7 wutar kansu. Ranar da ke ƙona mana ƙeya a Kano da Sakkwato da Maiduguri dukiya ce, kuma babu dalilin da zai sa jami'a a ƙasar nan ta riƙa tunkuɗa baƙin hayaƙi da tsakar rana. Sai dai farantin sola ba a kafa shi a juya baya. Hazon hunturu yana lulluɓe shi ya rage masa ƙarfi, sai an ware ruwa da ma'aikata masu wankewa. Batir yana tsufa, sai an fara tara kuɗin canjinsa tun daga ranar da aka yanke ƙyalle. Kuma ko an shimfiɗa faranti daga nan zuwa bakin daji, randar da ke yoyo ba ta cika. Yunit ɗin da ba a ɓarnatar ba ya fi kowane yunit arha, domin ba a sayi faranti ko batir dominsa ba.

Me ya sa malamin da ba zai bar fanka tana juyawa a falonsa ba, wanda yake faɗa da yara in sun bar fitilar banɗaki, zai fita ya bar esi a ofis? Ba mugunta ba ce. A gida yana da mita, yana ganin yunit na zaftarewa, daga aljihunsa yake lodawa. A jami'a kuwa takardar kuɗin wuta guda ce, tana sauka kan teburin ma'aji, shi kaɗai yake kwana da ita. Shugaban tsangaya bai san nawa gininsa ya sha a watan jiya ba, ba a taɓa tambayarsa ba. Shi ya sa nake ganin aikin farko, tun kafin a kira ɗan kwangilar sola, shi ne a sa wa kowane gini mitarsa: kowace tsangaya, ɗakin karatu, ɗakunan kwana, gidajen ma'aikata, shagunan masu hoto da buga takardu, har ofishin shugaban jami'a. A farkon kowane wata a liƙa adadin a allon sanarwa, kowa ya ga na kowa. Sashen da ya rage sha a bar masa rabin abin da ya ceto, ya sayi littattafai ko sinadaran gwaji. Ranar da shugaban sashe ya gane cewa esin da aka manta shi ne ya cinye kuɗin tawadar firinta, ba sai an rubuta masa takardar gargaɗi ba.

Sauran gyare-gyaren ƙanana ne. Ƙwan fitila na da mai wat 60, na zamani mai wat 9 yana ba da haske irin nasa. Akwai makunni mai arha da ke hana na'ura tashi da kanta idan an dawo da wuta, wanda shi kaɗai zai magance abin da Baba mai gadi ya faɗa. Indiya, ƙasa mai zafi irin namu, ta wajabta tun farkon 2020 cewa sabon esi ya fito daga kamfani a saite kan digiri 24. Mu kuwa sai ka shiga ofis an murɗa shi zuwa 16, mai ofis na sanye da rigar sanyi.

Akwai kuma gini. Duk wanda ya taɓa shiga Gidan Makama a Kano da zafin bazara ya ji yadda kaurin bangon ƙasa da tsayin rufin soro suke riƙe sanyi ba tare da waya ko ɗaya ba. Magina na da sun san inda rana ke faɗuwa, sun san girman tagar da ta dace da ƙasarmu. Yanzu sai a ɗaga bene mai fuskar gilashi yana kallon yamma, a sare bishiyoyin da ke wurin don a shimfiɗa siminti, sannan a jera masa esi ashirin. Ginin da aka zana haka zai yi shekara hamsin yana shan wuta, ko wane ne ke shugabanci. A jami'o'in nan ake koyar da zanen gini, a nan ake da cibiyoyin binciken makamashi irin ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Ilimin yana cikin gida.

Najeriya ta yi alkawari a taron sauyin yanayi na Glasgow a 2021 cewa nan da 2060 za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take shanyewa. Waɗanda za su cika alkawarin nan suna zaune a aji yau. Ina so a ba su aikin a hannu: ɗaliban shekarar ƙarshe su ɗauki gini ɗaya-ɗaya, su auna abin da yake sha dare da rana, su rubuta kundinsu a kai, majalisar jami'a ta karanta. Masu gadi da masu shara kuma a ba su izinin kashe babban makunnin kowane bene bayan an tashi, a ware layin firjin ɗakunan bincike daban don kada gyara ya zama ɓarna.

Kuɗin farko da aka ceto kuwa, ina roƙon shugabannin jami'o'i su mayar da shi ɗakunan kwanan ɗalibai, musamman na mata, waɗanda ba sa iya fita neman haske da tsakar dare. A bar musu fitila da fanka har asuba a makonnin jarrabawa, a yi musu wurin dafa ruwa guda ɗaya mai aiki da rana a kowane bene. 'Yar yayata za ta fara jarrabawa cikin wata mai kamawa, na saya mata ƙaramar fitilar sola ta tafi da ita.