Inuwar Katsina Ta Baƙuwa Ce

Duk wanda ya bi titi daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Soro, inuwar da zai fi samu ta darbejiya ce, wato bedi. Mun saba da ita har mun manta baƙuwa ce. Asalinta ƙasar Indiya, a zamanin Turawa aka kawo ta, aka fara dasa ta a Borno wajen 1928.

Masu nazarin yadda tsirrai da dabbobi suka watsu a duniya tambaya ɗaya suke yi: me ya kawo wannan nan, me ya hana shi zuwa can? Amsar kan koma ga ruwan sama, da irin ƙasa, da teku ko hamadar da ta tare hanya, sannan hannun ɗan'adam. Dubi kuka: cikin ire-irenta takwas, shida a tsibirin Madagaska kaɗai suke, ɗaya a Ostireliya, tamu kuwa ta bazu a Afirka.

A Katsina hannun ɗan'adam ne ya fi nauyi, kuma shi ke damuna. Darbejiya na jure fari, tana saurin girma, sai muka raja'a a kanta. Amma ba ta ba da miya kamar kuka, ba ta ba da kalwa kamar ɗorawa. Gawo fa, mai kaɗe ganye da damina gero ya sha rana, ya ciyar da dabbobi da rani, wa ke dasa shi?

Manoman Maradi tun shekarun 1980 suka koma rainon tohon itatuwan gonakinsu maimakon sare shi. Ina ganin a daminar bana, masu rabon dashe su haɗa mana da gawo da ɗorawa.