Daga Bakin Allo: Idan Sankarar Mama Ta Dawo

A watan jiya mahaifiyar wani ɗalibina ta tare ni a ƙofar makaranta. Shekara 4 ke nan da aka yi mata aikin sankarar mama, yanzu kuma likita ya ce ciwon ya dawo har ya taɓa ƙashin bayanta. Dangi sun ce ta haƙura da asibiti, a nemi na gargajiya. Ta ce, "Malam, kai me ka gani?" To, ga abin da na gaya mata.

Sankarar mama iri-iri ce, kowace da abin da ke ciyar da ita. Wata sinadarin jikin mace ke sa ta girma, ita ake ba ƙwayoyi irin su Tamoxifen. Wata kuwa, kamar 1 cikin 5, tana ɗauke da wani abu mai suna HER2 da yawa, shi ke sa ta yaɗuwa da sauri. Don wannan aka yi Trastuzumab, wanda aka fi sani da Herceptin, da Amurka ta amince da shi a 1998. Maganin yakan nemi HER2 ɗin nan ya manne masa, ya hana ƙwayar ciwon hayayyafa. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magungunan da ba a son a rasa, a 2019 kuma ta amince da wani makamancinsa mai sauƙin kuɗi.

Amma sai an gutsuro tsokar ciwon an auna kafin a san irinsa, domin wanda ya dawo kan iya bambanta da na farko. Maganin kuma yana iya raunana zuciya, shi ya sa ake duba ta lokaci-lokaci. Gaskiya ɗaya ce: ciwon da ya bazu da wuya ya warke sarai, amma ana danne shi, zafi ya ragu, mace ta ci gaba da kula da 'ya'yanta.

Saboda haka ina kira ga mazan Zango, ku raka matanku asibiti, ku tambayi likita: wane iri ne, an auna HER2? Matambayi ba ya ɓata. Ita dai baiwar Allahn nan ta koma an ɗauki tsokar, muna jiran sakamako. Allah Ya ba ta lafiya, amin. Sai wata mai zuwa.