RA'AYINMU: Rumfar da Ba Ta da Ƙofa

A zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, aka kafa Kasuwar Kurmi, kuma daga cikinta ayarin raƙuma suka riƙa ƙetare hamada da jemammiyar fata. Amma da fatar ta isa Turai sai aka raɗa mata suna fatar Maroko, domin ta can ta bi. Majema da dukawan ƙasar Hausa suka sha wahala, wasu suka tafi da suna. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Mun tuno da wannan ne domin muna tsoron a maimaita, wannan karon kuwa da hannunmu. A yau akwai ɗalibai da matasan ma'aikata waɗanda ke karɓar kuɗin 'yan kasuwar Kurmi don su buɗe musu shafi a intanet, galibi da WordPress. Shafi ya yi kyau a ido, mai rumfa ya biya, amma in mai saye ya nemi kayan a Google, ko ƙyallinsa ba ya gani. Google dai dillali ne wanda ya fi dogara da rubutu. Abin da ba a faɗa masa ba, da wuya ya kai wa mai saye.

Kuskure na farko shi ne mafi sauƙi, kuma mafi muni. A cikin saitin karatu na WordPress akwai wani ɗan akwati mai roƙon injinan bincike su kauce wa shafin. Mai ginin yakan sa masa alama lokacin da yake aiki, sannan ya miƙa aiki bai cire ba. Wannan daidai yake da a gina wa baduku rumfa a toshe ƙofarta.

Na biyu, hotuna. Sai a ɗora su yadda suka fito daga waya, da nauyinsu, da lamba a maimakon suna, ba kuwa bayanin abin da ke ciki. Wani ma a jikin hoton yake rubuta sunan kaya da farashi. Alhali kuwa Google yadda shafi ke buɗewa a waya yake fara dubawa, mai saye kuma ba zai ƙarar da datarsa yana jira ba.

Na uku, kowane shafi kansa ɗaya da na ɗan'uwansa, adireshinsa kuma lamba ce kurum, ba sunan kaya ba. Na huɗu, kwafo bayanin wasu, ko cusa kalma ɗaya sau ashirin. Tun 2009 Google ya bayyana cewa ba ya kula da gurbin nan da ake jera kalmomi a ɓoye.

Wanda ya fi ci mana rai shi ne na harshe. Mai saye daga Maraɗi ko Zangon Kumasi alabe zai nema, ko tandu, ko takalmin fata, amma shafin duk Turanci ne, babu Kurmi, babu Kano a kansa. Ta haka suna ke ɓata.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwanmu ɗalibai: kada wanda ya karɓi cikon kuɗinsa sai ya yi wa shafin rajista a Google Search Console, wanda kyauta ne, ya zauna da mai rumfa sun nemi kayan a wayarsa sun gani, ya kuma damƙa masa kalmar sirrinsa. Dattijon da ya ba mu kuɗinsa bai san waɗannan abubuwa ba. Don ya yarda da iliminmu ya ba mu. Wannan amana ce, ita kuwa amana ba a yi mata rabin aiki.

Allah ya ba mu ikon riƙe ta, amin.