Ƙugiyar Haruffa A Wayar Hannu

Tun da Facebook ya fito a 2004, WhatsApp kuma ya biyo baya a 2009, samarinmu suna rubuta Hausa fiye da yadda iyayensu suka taɓa yi. Wannan abin murna ne. Amma fa akwai wani lahani da ya kamata malaman makaranta su lura da shi, watau zubar da ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ. Yaro ya rubuta "baki sun zo", alhali kuwa baƙi yake nufi, ko ya sa kafa a gurbin ƙafa. Har cikin takardun jarrabawar masu koyon aikin malanta ana ganin haka, ga shi kuwa su ne za su koyar gobe.

Da can akan fake da cewa wayar ba ta da haruffan. Wannan hanzari ya ƙare, gama allon rubutu na Gboard yana da Hausa, kyauta, sai dai mutum ya zaɓe ta. Har wa yau, tun 2013 Google ke fassara Hausa, na'ura kuwa daga rubutun mutane take koyo. In mun ba ta gurguwar Hausa, ita za ta mayar wa 'ya'yanmu. Akawun da ke buga sanarwar ofis don intanet, lalle shi ma ya sa haruffan nan a kwamfutarsa.